Ragowar da Mama Ta Kwaso Daga Tsibiri

Kwana uku da dawowarsu daga tsibirin, Mama tana tsaye a kicin gab da magariba tana yanka albasa, sai ta ji wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta ci gaba da aikinta. Na biyu ya faɗo. Na uku ya gangaro ya dira a bakin ƙofar kicin. Ta sunkuya ta ɗauka. Dutse ne sumul, jiƙe sharkaf, yana ƙarnin kifi. Garinsu kuwa sai an yi yini biyu a mota kafin a ga teku.

Mama mai girkin taro ce, kuma kowa ya san halinta: ba ta iya ganin abinci a yashe. Jakarta ba ta rabuwa da robobi masu murfi. Maigidan yakan tsokane ta cewa ko asibiti aka kwantar da ita, sai ta dawo da ragowar mai gadon kusa.

Malaman makarantar da yake koyarwa ne suka shirya tafiyar, iyali shida, kwana biyar. An ci gasasshen kifi har aka gaji, an sha ruwan kwakwa, an hau tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, an ɗauki hoton kunkuru kamar wani ɗan'uwa da aka daɗe ba a gani ba. 'Yarsu Auta kaɗai, 'yar shekara goma sha ɗaya, ba ta mori komai ba. Tun da jirgin ruwa ya juya mata ciki, ko loma ba ta zama.

A rana ta huɗu mai yi musu jagora ya kai su wani kango a bayan magangarar ruwa. Ya tsayar da kowa a bakin ƙofa ya yi musu gargaɗi kada a taɓa komai a ciki, amma a lokacin Mama na can baya tana riƙe da goshin Auta da ke amai. Da ta shigo, jama'a sun wuce gaba. A kan wani faffaɗan dutse ta ga ganyen ayaba a shimfiɗe, an jera masa 'ya'yan itace, an fere, an yayyanka, ko ƙuda babu. Ta ce a ranta, ka ji almubazzaranci, an shirya wa baƙi sun tsallake. Ta juye a roba. Da yamma Auta ta cinye tas har da lashe yatsa, Mama kuwa har da ƙwallar murna.

Tun ranar jifan farko Auta ta daina cin abinci. Takan zauna ta fuskanci bango, bakinta na tauna, alhali babu komai a ciki. Da rana ta sunkuya sai jifa ya fara. Daga ɗakin ajiya kuma a riƙa jin ƙarar kwanuka da ƙananan muryoyi, kamar mutane da yawa na cin abinci cikin natsuwa. In an buɗe, buhunan shinkafa ne kawai da duhu. A asibiti aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce ba a ga komai ba. Wuyan yarinyar ya zama kamar na cokali.

Rana ta tara Gwaggo, yayar maigidan, ta zo da wani malami tsoho, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya zauna a gaban Auta bayan la'asar ya fara karatu. Ya daɗe. Haske ya janye daga taga, gidan ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Sai Auta ta ɗago kai, muryar wata dattijuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Tambayi mai roba."

Mama ta zame ƙasa a bakin ƙofa.

"Abincin 'yata ne," in ji muryar. "Ba ta da lafiya. Kwana bakwai ina yawo kafin na haɗa mata abin da za ta iya ci. Na je ɗauko ta, na dawo na tarar da ganye."

"Wallahi ban sani ba," in ji Mama tana kuka. "Ki yi wa Allah, Baba. Zan dafa miki ko me kike so, in kai har can da ƙafata."

"Ki kai wa wa? Ba ta kai safiya ba."

Mama ta ji abin ya soke ta, domin ta san irin wannan yawon, ta san tsayuwa a kan yaron da ya ƙi ci.

"Taki ta ci rabon tawa, don haka tawa ce. Da ita zan koma," in ji muryar.

Malam ya ce ba za a yi haka ba, rai ba nata ba ne. Ya koma karatu, ya ɗaga murya. Jikin Auta ya sandare, duwatsu suka yi ta sauka a kan rufi, ƙarnin teku ya cika ɗakin. Can muryar ta dawo a gajiye.

"Zan tafi. Amma hannun da ya kwashe ba zai ƙara ciyar da ita ba. Ko ruwa. Ranar da ta ci daga hannun nan, zan dawo, kuma ba zan tsaya magana ba."

Malam ya nemi ta rage, ko zuwa shekara ɗaya, ko bakwai. Ta ƙi.

"Kuma kada a gaya mata dalili. Tawa ma ba ta san dalili ba."

Malam ya juyo ya dubi Mama. Idonsa ya gaya mata iyakar abin da ya iya ke nan. Ta gyaɗa kai. Auta ta yi atishawa sau uku ta kife, jifan ya ɗauke. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Mama, yunwa." Mama ta miƙe da gudu, sai Gwaggo ta riƙe mata zani, ta wuce kicin ɗin da kanta.

Gwaggo ta dawo gidan da zama, da tukunyarta daban da murhunta daban. Auta ta murmure, ta koma makaranta, ba ta tuna komai sai kunkuru. Mama kuwa kullum tana ciyar da ɗaruruwan mutanen da ba ta sani ba, tana kulle kicin kamar mai ɓoye guba.

Wata magariba ta manta ba ta kulle ba. Tana juya miya Auta ta shigo, ta miƙo tafin hannu a ɗiga mata ta ɗanɗana, yadda suka saba tun tana goye. Ludayin har ya karkata. Mama ta bige hannun da ƙarfin da ba ta taɓa dukanta da shi ba.

Auta ta riƙe hannun, idonta ya ciko.

"Mama, me na yi miki?"

Mama ta juya wa 'yarta baya, ta rufe tukunyar.

"Je ki," ta ce. "Gwaggonki ta zuba miki."