Ranar Da Kwamfutar Abba Ta Ƙi Tashi

Auta ta yi sallama a ƙofar shagon gyaran kwamfuta. Wani dogon saurayi ya ɗago kai daga cikin wata kwamfuta da ya buɗe, sukundireba a bakinsa. Idonsa na sauka a kanta sukundireban ya suɓuce ya faɗa cikin injin.

"Ka ga ka ɓata wa mutane kaya," in ji ta.

"Laifin mai sallama ne," ya ce yana murmushi. "Dogo ake ce mini. Me ya lalace, Malama?"

"Kwamfutarmu ta gida ce, irin ta kan tebur. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ƙi. In na danna, fankar ciki ta juya kaɗan ta tsaya. Sai na yi ta dannawa kafin Allah ya sa ta kama."

"A kawo ta mu gani."

"Ba ta fita daga gida."

"To in zo in buɗe ta."

"Ba a buɗe ta."

"Kwamfuta ce wannan ko mai jego?"

Dariyar da ya fara ta tsaya masa a wuya, don ya ga hawaye sun cika mata ido. Ya jawo mata kujera, ta zauna ta gaya masa komai.

Umma, mahaifiyarta, malamar makaranta ce. Kafin ta rasu ta naɗi muryarta a kwamfutar tana karanta wa ɗalibai labarai, a tsakiya tana dariya, tana ce wa Abba ya rage rediyonsa. Tun ranar da wani ya soka filas ɗin kwafar bayanai a ciki cutar kwamfuta ta cinye hotunan Umma kaf, Abba ya kafa doka: ba a buɗe ta, ba a soka mata komai, ba ta ƙetare bakin ƙofa. Muryar nan kaɗai ta rage masa, kuma kullum bayan karin kumallo sai ya zauna ya saurare ta. Ga shi da ciwon zuciya, likita ya ce kada a tayar masa da hankali.

Shi ya sa Auta take riga shi zuwa falo. Ta yi ta kokawa da maɓalli har kwamfutar ta kama, Abba ya fito ya tarar da ita a kunne. Bai taɓa ganin ta ƙi tashi ba. Ce masa kawai ta yi tana ɗan jinkiri, da ƙyar ya yarda wani ya zo ya duba.

Dogo ya zo da yamma. Abba na zaune da sandarsa yana bin hannunsa da ido, Goggo ƙanwar Abba tana gefe tana yankan farce. Dogo ya kashe kwamfutar, ya danna. Ta tashi fes. Ya sake kashewa, ya zare waya daga soket ya mayar, ya duba wayar allo, ya danna. Ta tashi kamar sabuwa.

"Lafiyarta ƙalau ke nan," in ji Abba.

"Ranka ya daɗe, irin wannan ciwon ɓuya yake yi. Sai an kama shi yana yi."

Da ya tafi sai ga saƙo a wayarta:

"Malama mai jego, in ta sake ƙi ki kira ni nan take. Kada ki ji tsoro ke kaɗai, ki rage mini rabi."

Ta karanta, ta kife wayar a ƙirji, ta rasa dalilin da ya sa kunnuwanta suka yi zafi.

Kwamfutar ta sake ƙi. Auta ta sake kira. Amma kafin ya buɗe shago ya iso, ita ta riga ta tayar da ita saboda Abba, kuma duk yadda ya kashe ya kunna sai ta tashi. Zuwa ya yawaita, saƙonni suka fi zuwa yawa. Malama ta koma Autata, Dogo ya koma Likitana.

"Likitana, anya ka san aikinka? Mara lafiyarka warkewa take da ta gan ka."

"Ba ita kaɗai ba, Autata. Ni ma da na gan ki nake warkewa. In Abba ya ba ni izini, magabatana za su zo."

Ta yi murmushi, amma murmushin bai kai cikinta ba. Kowace safiya dannawar ƙara yawa take yi.

Goggo kuwa tana da ɗa mai sayar da motoci, ta daɗe da yi masa sha'awar Auta. Ran nan ana cin abinci ta ajiye cokali.

"Yaya, ni fa ban taɓa ganin ciwon da ke jin kunyar likita ba. Kai ka taɓa ganin ta ƙi tashi da idonka?"

Abba ya girgiza kai.

"To ni ma ban gani ba. Abin da na gani, saurayi ne ke shiga yana fita, da turare, ana cewa gyara. Wanda bai ji bari ba fa ya ji hoho."

Abba ya miƙe da sandarsa, ya je ya kashe kwamfutar da kansa, ya danna. Ta tashi. Ya juyo ya dubi Auta da wani kallo da ba ta taɓa gani a idonsa ba.

"Da muryar mahaifiyarki kike yi mini wasa? Ita kika mayar tsanin shigo da saurayi gidana?"

"Wallahi Abba..."

"Kada ki rantse mini. Ƙafar yaron nan kada ta ƙara taka gidan nan. Maganar ɗan Goggonki kuma zan duba ta."

Ta ga hannunsa ya kai ƙirji, ta haɗiye sauran maganar.

Ɗan Goggo bai ɓata lokaci ba. Ya faka mota a ƙofar shagon Dogo, ya leƙa ya ce masa yarinya fa ta ce kwamfuta lafiyarta lau, wasa take da hankalinsa, kuma an kusa sa musu rana. Da la'asar saƙon Dogo ya shigo, babu Autata a ciki.

"Don Allah ki gaya mini gaskiya. Kwamfutar nan ta taɓa ƙin tashi kuwa?"

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta rubuta masa:

"Har da kai? To ka ji. Kullum da sassafe take ƙi, bayan ta kwana a kashe. In an yi ruwa gari ya yi sanyi ta fi taurin kai. Da ta kama sau ɗaya, shi ke nan, ta wuni lafiya. Ni kaɗai nake ganin abin, don ni kaɗai nake tashi in hana Abba ganinsa. Ka ci gaba da yarda da mai motoci."

Ko ajiye wayar ba ta yi ba ya kira.

"Ki yafe mini, Autata. Kishi ne ya rufe mini ido. Ke kika gano ciwon, ni ina ta zagaye. Akwatin da ke raba wuta a cikinta ne ya gaji. In ya yi sanyi ba ya iya ɗaukar ta, in kika yi ta dannawa sai ya ɗumama ya kama. Ni kuma kullum a ɗumame nake samun ta."

"To alhamdulillahi, sai in ci gaba da..."

"A'a! Ki saurare ni da kyau. Duk dannawar da wuta ta zo ta yanke, dukan ma'ajiyar take yi, inda muryar Umma take. Wata rana za ta kama, ki tarar babu komai a ciki. Kada ki ƙara dannawa."

Ta zauna a bakin gado. In ta danna, tana iya kashe muryar Umma da hannunta. In ba ta danna ba, Abba zai ga baƙin allo, kuma ta san zuciyarsa. Gaba kura, baya sayaki.

Gari ya waye da yayyafi. Auta ta shiga falo, ta tsaya a gaban kwamfutar, yatsanta ya kai kan maɓalli. Ta janye shi. Ta ɗauko maganin Abba da kofin ruwa ta ajiye a kan tebur, ta durƙusa a gefen kujera tana jira.

Abba ya fito, ya ga allo a kashe, ya dube ta.

"Yau fushi ake da ni?"

"Abba, ku gafarce ni. Kullum ni nake tayar da ita kafin ku fito. Yau ban taɓa ba. In za ku danna, sau ɗaya kawai, don Allah."

Ya yi tsaki ya danna. Fanka ta juya, ta tsaya. Shiru. Allo baƙi ƙirin, ba komai a ciki sai inuwar fuskarsa.

Ya kai hannu zai sake, ta riƙe hannun da hannuwanta biyu.

"Abba, za ta tafi da Umma!"

Sandar ta faɗi. Ya sulale kan kujera, leɓɓansa sun yi fari, gumi na tsattsafo masa. Ta tura masa magani a baki tana kiran sunan Allah. Goggo ta fito da gudu tana salati. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya buɗe ido.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in je shagon."

"Ke kaɗai, kowace safiya?"

Ta gyaɗa kai. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro.

"Kira shi."

Dogo ya iso a jiƙe, da sabon akwatin wuta a ƙarƙashin rigarsa. Ya durƙusa ya gaida Abba.

"Ranka ya daɗe, sai an buɗe ta. Ba zan ɓoye maka ba, ban san abin da za mu tarar ba. Amma ma'ajiyar ba zan taɓa ta ba sai ka ce."

"Yaya, kada ka bari!" in ji Goggo. "In ya ƙarasa ta fa?"

Abba ya dubi Auta, ba Goggo ba. "Ke me kika ce?"

"Na yarda da shi, Abba."

"Buɗe."

Dogo ya kwance murfin. Ya zare tsohon akwatin, ya haska cikinsa ya nuna wa Abba wasu 'yan gwangwanaye da suka kumbura, ɗaya har ya tsiyaye. Ya ɗaura sabon, yana jona waya ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ya ja da baya.

"Abba, kai za ka danna."

Abba ya yi bisimilla ya danna. Fanka ta juya. Ba ta tsaya ba. Amma allon ya ƙi haske, wani ɗan ƙara na fitowa daga ciki kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Auta ta toshe baki.

Sai allon ya kawo.

Abba ya lalubo wurin da ya saba, ya danna. Muryar Umma ta cika falon, tana gyaran murya, tana cewa yara su nutsu za ta fara.

Abba ya fashe da kuka kamar yaro. Goggo ma ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ma'ajiyar ta jigata, ranka ya daɗe," in ji Dogo a hankali. "Ka ji ƙarar nan. Ka bar ni in kwafe yanzu a sabon filas, a gabanka zan ɓare shi daga kwali."

"Kwafe, ɗana. Kwafe duka."

Sai da aka gama kwafa, aka saurara a wayar Auta aka tabbatar, sannan Abba ya kamo hannunta.

"Na ƙaryata ki, alhali nauyina kike ɗauke da shi. Ki yafe wa tsohonki." Ya juya ga Dogo. "Kai kuma, turaren da Goggonku ta ce tana ji, na gyara ne?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. "Rabi da rabi ne, Abba."

"To ka turo manyanka su zo su yi bayanin ɗaya rabin."

Ɗan Goggo ya yi ta cika yana batsewa, daga baya ya haƙura. Goggo da kanta ta tsaya a kan hidimar biki, tana gaya wa kowa cewa ita tun ranar farko ta ga yaron yana da hankali.

Ranar da za a kai Auta ɗakinta, Abba ya zaunar da su a gabansa, ya ɗora hannu a kanta.

"Na ba ka amana, ɗana. Wannan yarinyar in abu na cin ta, ɓoyewa take yi don kada ta tayar wa mutum hankali. Kada ka jira ta faɗa, ka riƙa tambaya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

"Amin, Abba," in ji Dogo.

Auta ba ta iya cewa komai ba. Ta kwantar da kai a gwiwar mahaifinta tana kuka, shi kuma yana shafa kanta yana dariya, yana ce mata ta tashi haka nan, mota na jira.