Tabarau Cikin Fasassun Farantai

"Gesine! Me ya kawo ki nan?"

Ottmar ne ya tare ta a bakin ƙofa, tsintsiya a hannunsa. Jajibirin aurensa ne, maƙwabta sun cika tsakar gida suna fasa tsofaffin farantan tangaran don sa'ar ma'aurata, ango da amarya na sharewa.

"Biki na zo. Ko 'yar malamin makaranta ba ta isa ta fasa faranti ba?"

Shekara uku suna soyayya, sai mahaifiyarsa ta rantse ɗanta ba zai auri 'yar mai rataya tutar jamhuriya a taga ba. Ranar zaɓe, samari masu riga ruwan ƙasa suka haura benen gidan su Gesine, suka jefo tutar, suka jefo mai ita, mahaifinta. Kwana tara ya yi yana jinya, ya cika. Alƙali ya ce babu shaida, alhali Ottmar na tsaye a titin, komai a idonsa aka yi.

"Rabin raina, saurara..." ya rage murya. "Gobe da sassafe akwai jirgin ƙasa zuwa Hamburg. Mu gudu! Ke nake so, ba Adelheid ba."

"To faɗa musu wanda ya jefo Babana."

"Gesine... yayan amaryar ne fa. Kashe ni za su yi."

"Nan, yanzu. Suna ɗaya tak, in bi ka har bangon duniya."

Sai ga Adelheid tana yauƙi, ta rataya hannu a kafaɗarsa.

"A'a, wa nake gani? An zo leƙen abin da ya fi ƙarfi? Ku ba ta faranti ta fasa, ko ta huce!"

Aka kwashe da dariya.

Gesine ba ta ko dube ta ba, Ottmar take kallo. Ya buɗe baki, ya waiwayi teburin da samarin ke shan giya... sai ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da shara.

Shi ke nan.

Ta zura hannu a aljihu, ta fito da tabarau na mahaifinta, ta ajiye a kan dutsen ƙofar.

"Ke yarinya!" wata tsohuwa ta ƙwala ihu. "Ba a fasa gilashi! Tsiya yake jawo wa gidan aure!"

"Na sani, Goggo."

Ta sa dunduniya ta murƙushe shi.

Har mai kiɗa ya sauke hannu.

"Share, ango," ta ce. "Ai ka iya kawar da abin da ka gani."

Adelheid ta ja da baya tana ihu, ita ba za ta taɓa ba. Shi kaɗai ya durƙusa yana tsincewa da yatsu, jini na ɗiga, yana kiran, "Gesine... masoyiyata..."

Ba ta waiwaya ba.

Sai da ta kai kwanar titinsu hawayen suka zubo. Ta share, ta tsaya ta sayi burodi biyu, ɗaya nata ɗaya na mahaifiyarta. Tun ranar jana'iza, sai yau ta ji yunwa.