Ambulan Ɗin Filin Majema

Sufeto Gladys Umpiérrez tana zaune a ƙofar caji ofis na garin Paso Ferreira da safiyar Alhamis, tana shan shayin mate hankali kwance, sai ga Lauya Techera yana haki.

"Sufeto, an sace mini takarda, kuma gobe za mu shiga kotu!"

Kowa a garin ya san shari'ar. Majalisar ƙaramar hukuma ta ba wani kamfani izinin gina gidaje a filin tsohuwar masana'antar jima. 'Yan unguwa suka kai ƙara, suka ce ƙasar cike take da guba, har suka aika a gwada ta. Jiya da yamma sakamakon ya iso ofishin Techera, lauyansu, ya ajiye ambulan ɗin bai ko buɗe ba.

Sufeto ta duba ƙofar ofishin. Ba a ɓalle ta ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai Don Atilio, shugaban 'yan unguwa. Amma ki nemi Píriz na majalisa, shi ya sa hannu a izinin."

Da ta sami Píriz, ya rantse bai taka titin ofishin lauyan ba tun makon jiya.

"Mai gidan burodi ta ce ta gan ka jiya."

Ya sosa ƙeya. "To, na je. Biskit na saya. Likita ya hana ni zaƙi, matata kuma ba ta da wasa. Don Allah kar ki sa wannan a rahoto."

Sufeto ta yi dariya ta sallame shi. Ta buga wa ɗakin gwajin da aka aika wa ƙasar waya. Suka ce ƙasar lafiyarta ƙalau, kuma ranar Talata wani dattijo ya kira da sunan ofishin lauya, suka faɗa masa.

Ta sami Don Atilio Bentancor a filin majemar, durƙushe a cikin lambun tumatir. Shekara talatin ya yi yana jeme fata a nan, da aka rufe masana'antar ya mai da gefenta lambu.

"'Yata, zauna ki sha mate. Ai kamfanin ne ɓarawon, kowa ya sani."

"Ka ga takardar?"

"Ko ambulan ɗin ban gani ba. Kuma ko sun ce ƙasar lafiyarta ƙalau, izinin nan ba a bi ƙa'ida ba."

"Wa ya ce maka lafiyarta ƙalau, Don Atilio?"

Can ya miƙe, ya ɗaga wani tsohon bokiti, ya zaro ambulan ɗin.

"Ni na ɗauka. Na san babu guba, shekara goma muna cin abin da na shuka. So nake a ɗaga zaman kotun har tumatir ya nuna. Mutum arba'in ke cin lambun nan."

"Da ka faɗa wa lauyanka, da ya nemi a ware muku lambun a cikin yarjejeniya da kamfanin. Har yanzu bai ɓaci ba."

Ya kalle ta. "Ana yin haka?"

"Ana yi. Amma yanzu sai ka biyo ni ofis ka ba da bayani."

"Ki bari in ƙarasa ban ruwa. Kunya biyu ta rage."

Sufeto ta dubi agogo, ta ajiye hularta a kan dutse.

"Ba ni bokiti ɗaya," ta ce. "Sai mu fi sauri."