Kunnuwan Malam Illiya

Azahar ta gota, zafin watan Mayu na gasa Agadez, sai ga Bilkisu ta faɗo komisariyar 'yan sanda ko mayafinta ba ta gyara ba.

"An sace mana kare!"

Insifekta Saidou ya ɗago a fusace. Kare kuma? Shi da aiki ya sha masa kai?

"Ranka ya daɗe, babana kurma ne," in ji ta. "Karen nan, Auduga, shi ne kunnensa. In an yi sallama, shi ke jan rigarsa. Ɗan ƙarami ne, fari, gashi buzu-buzu, irin na ƙasashen sanyi. Awa biyu cikin wannan zafi sun isa su kashe shi."

Saidou ya ɗauki hularsa.

A zaure suka tarar da Malam Illiya, tsohon maƙerin azurfa, riƙe da matajin karen, yana bin fuskokinsu da kallo.

"Ina ake taje shi?" Saidou ya tambayi Bilkisu.

"Bisa soro, kowace safiya. Yanzu lokacin zubar gashinsa ne."

Ya hau. Farin gashi ya maƙale ko'ina a katangar da iska ke bi. Can ƙetaren katangar kuwa, ga cuku an shanya bisa tabarma.

"Na wa ne?"

"Na Inna Ramata, maƙwabciyarmu. Sayarwa take."

Ramata ta tarbe su da hannu a ƙirji. "Ni da kare? A'uzubillahi! Ko inuwarsa ba ta taɓa shiga gidana ba."

Saidou ya duba tsakar gida. Ƙoren nononta na jere a bushe, sai guda ɗaya a kife can gefe, jiƙe, da sauran ƙasa a bakinta.

"Inna, sau nawa kika wanke wannan?"

"Bakwai mana, har da ƙasa."

"To, wace ƙwarya ake yi wa wanki bakwai in ba wadda kare ya lasa ba?"

Idonta ya kai ga mangazar da ke can baya, ɗakin ajiya mai rufin kwano, ba ko taga.

Da ƙafa ya ɓalle ƙofar. Zafi ya buge shi kamar bakin tanderu. Ga Auduga kwance, harshe waje, jikin ƙofar duk yaƙushi. Ya riga ya mutu.

"Sau uku ana maido min da cuku saboda gashin kare!" Ramata ta fashe da kuka. "Nono na yaudare shi da shi. Wallahi cewa na yi da la'asar in ba direban motar garin Aderbissinat ya tafi da shi."

"Kin taɓa gaya musu su daina tajewa a soro?"

"Kunya na ji. Shekara ashirin muna maƙwabtaka."

"Kunya!" Saidou ya daka tsawa. "Kin ji kunyar magana guda, amma ba ki ji kunyar rufe mai rai cikin wannan wuta ba? Wuce mu tafi!"

A ƙofar zaure ta roƙa a bar ta ta nemi gafara. Malam Illiya na zaune ya ba su baya, matajin na hannunsa.

Sau uku Ramata ta yi sallama. Tsoho bai juyo ba, don babu mai jan rigarsa.