Almakashin da Ba Ya Dakushewa

Sufeto ya ga sata iri-iri, amma bai taɓa jin an kira 'yan sanda a kan faifai ba sai ranar nan. Ya iske Farfesa a ɗakin gwaje-gwajen jami'a yana ta huci, ɗalibarsa kuwa ta raɓe jikin bango, idanu jajir.

"Ranka ya daɗe, faifan me? Na waƙa?" in ji Sufeto.

"Na titaniyom da silikon kabayid!" in ji Farfesa. Ya nuna wani inji mai kama da ƙatuwar tukunya. A ciki ake ɗaura faifan, a zuƙe iska, a sakar masa lantarki, ƙurarsa ta riƙa sauka kan ƙarfe har ta zama 'yar fata siririya, ga tauri, ga hana tsatsa. "Yarinyar nan ce ta yi aiki da shi ƙarshe. In bai fito ba na kore ta, digirin ma ta manta da shi."

"Wallahi, Malam, a ciki na bar shi," in ji ta.

Akwai kuma Injiniya, mai kula da injin, tsaye cikin sabuwar riga yana ta ƙamshi. Ya rantse rabonsa da kunna injin tun kafin hutu.

Sufeto ya zaro tiren da ake jera ƙarafa a kai. Ƙura ta rufe ko'ina, ban da inda aka ɗora abu.

"Ƙanwata, naki ƙarafan wane iri ne?"

"Masu kusurwa huɗu, Yallaɓai."

To, sawun da ke kan tiren zobba biyu ne da dogon baki. Almakashi ne, ba ma ɗaya ba.

Ya kuma leƙa gindin injin, ya tsinto wani baƙin gutsure. Ɗalibar ta zaro ido.

"Faifan ne! Haka yake tsagewa in an kunna ba a buɗe ruwan sanyaya shi ba."

Sufeto ya ji daɗi a ransa, don tun farko tausayin yarinyar ya kama shi. Ya juya ya shafa hannun rigar Injiniya.

"Kai, ɗinki ya yi! Wa ke maka?"

"Wani tela ne can bayan tasha. Ban ma san shi sosai ba."

A bayan tasha Sufeto ya sami dattijon tela yana yanka yadi da wani almakashi mai sheƙin toka-toka.

"Baba, ina ake sayar da irin wannan?"

"Ai ba na sayarwa ba ne, ɗana! Wanda zai auri 'yata ne ya shafa masa magani a wurin aikinsu. Tun daga nan ban wasa shi ba. Da na ba abokan sana'a labari, duk layin nan suka tattara masa nasu."

Sufeto ya ari almakashin, ya dawo ya ajiye shi a kan sawun tiren. Almakashin ya zauna daram. Injiniya ya ce shi dai bai san zancen ba.

"To, shi ke nan," in ji Sufeto, yana satar kallon Injiniya. "Ƙanwata, ɗauko jakarki mu tafi ofis."

Ta ɗauki jakarta. Kafin ta kai ƙofa Injiniya ya zube.

"Ku ƙyale ta, ni ne! Suruki ya roƙa, ina zan iya cewa a'a? Sauri ya sa na manta ruwan. Gutsattsarin suna cikin akwatin babur ɗina."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe masa hannu suka fita.

Farfesa ya daɗe yana goge tabarau. Can ya dubi ɗalibarsa.

"'Yata, na zalunce ki. Gobe zan aro wani faifan. Ki zo da wuri."

Ta buɗe baki za ta yi godiya, sai kuka ya ƙwace mata, tana yi tana dariya.