Reshen Mai Jelar Cokali

A tudun da ke kallon tafkin Pomacochas Wilder ya fara ganin Nelida. Ya biyo sawun saniyar mahaifinsa, ya tarar da budurwa a tsugune cikin jajayen furanni, ta ɗora yatsa a leɓe. A reshen da ke gabanta, ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure, wanda muke kira mai jelar cokali, yana rawar neman mace.

Nelida tana aiki da masu ƙidayar tsuntsaye. Ta gaya masa masana sun ware wa wannan tsuntsu zuriya shi kaɗai, ba wa ba ƙane, sun kuma sa shi cikin waɗanda ake tsoron ɓacewarsu, domin in ya ƙare a kwarinmu ya ƙare a duniya.

"Ashe ciwonmu ɗaya," in ji Wilder. "Muna rawa, ba a kula mu."

"Shi ya iya rawar. Kai ko saniya ta gagare ka."

Soyayya ta kama. Amma Don Eusebio, mahaifinta, ya ce ba zai haɗa jini da gidan da ke ƙona tudu don kiwo ba. Ya fi son Edilberto mai motar madara.

Tun zamanin kakanni akwai magana a kwarinmu cewa zuciyar namijin tsuntsun nan, in aka busar, tana juyo da zuciyar da ta ƙi. Doña Herminia, kakar Wilder, ta ga jikanta yana ramewa, ta nemi mai harbi da danƙo a ɓoye. Edilberto ne ya harbo mata, shi ne kuma ya kai wa Nelida labari, ya ce ta laluba bargon kafaɗar masoyinta.

Ta laluba. A cikin kalmasa ta sami ƙullin da tsohuwar ta ɗinke, da gashin jela biyu. Reshen nan kuwa tun makon jiya babu mai rawa a kansa.

Ta rubuta masa: "Zuciyata ka daɗe da samu kyauta. Me tasa ta yi maka?"

Ya amsa: "Furena, ban taɓa shi ba. Amma saboda ni ya mutu, ba zan wanke hannuna ba."

Bai ambaci kakarsa ba, domin a wurinmu jika ba ya tona tsohuwa. Ita ce da ciwon ajali ya kwantar da ita ta aika aka kira Nelida, ta amsa cewa ita ta ɗinke ƙullin ba da sanin Wilder ba, ta faɗi sunan mai danƙon.

"'Yar nan, haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini. Na zaci alheri nake yi."

Nelida ta riƙe hannunta. Ba a yi mako ba aka binne ta.

Bayan makoki Wilder ya roƙi mahaifinsa ya ba shi tudun a matsayin gadonsa tun yanzu, ya yafe rabonsa na shanu. Ya kewaye shi, ya hana wuta, ya dasa furanni da hannunsa har damina ta wuce. Don Eusebio ya hau ya duba, ya daɗe a tsaye.

"Da can namiji yakan share daji ya nuna ya isa aure," in ji shi. "Ban taɓa ganin wanda ya bar daji ya nuna haka ba. Ka turo manyanka, yaro."

An ɗaura auren a cocin gari, kujerar Doña Herminia babu kowa. Da yamma ango da amarya suka hau tudun. Reshen yana nan wayam. Can ƙasa, a sababbin furanni, wani ƙaramin namiji da jelarsa ba ta gama fitowa ba yana gwada rawa, yana tangaɗi.

"Bai iya ba," in ji Nelida, hawaye na zuba.

"Zai koya, Furena. Ni ma haka na fara."

Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ji ƙan tsohuwa, Ya raya mai rawa.