Gurnanin Ƙofar Ɗakin Sanyi

Ƙarfe biyar na yammacin Juma'a Hajiya Suwaiba ta buɗe ɗakin sanyi na shagonta don ta ɗauko wa wani Bafulatani allurar rigakafin shanu, sai ga mutum ta faɗo mata a ƙafa. Salamatu ce, ma'aikaciyar da ke kula da magunguna, leɓɓanta sun yi baƙi, yatsunta sun sandare. Awa uku ta yi a kulle.

Sufeto Sharhabilu ya iso shagon a Sabon Garin Wudil bayan an wuce da ita asibiti. Ɗakin sanyin akwatin ƙarfe ne a tsakar gida, ba taga, ba kuba. A jikin ƙofar akwai allon gilashi kamar tafin hannu, lambobi na haske a kai. Ya taɓa ɗaya, sai ya ji gilashin ya ɗan harbi yatsarsa kamar ya danna maɓalli.

"Haka yake, yallaɓai," in ji Hajiya. "Daga azahar rana na dukan gilashin, ba a ganin komai, sai dai ka ji a yatsa. Lamba huɗu, harbi huɗu. In ka kuskure ya yi dogon gurnani, ka sake daga farko."

"Ƙofar na kulle kanta?"

"A'a. Sai an sa lamba daga waje."

"Su wa suka san lambar?"

"Ni, da Salamatu, da Lukman direba, da Malam Ya'u mai kula da sito."

Hajiya ta ce tana gidan suna a Darki. Lukman ya ce yana kasuwar shanu. Malam Ya'u, dattijon da ya shekara sha tara yana aiki a shagon, ya ce daga masallaci ya wuce gida cin abinci. Ranar kasuwa ce, garin ya cika, ba wanda zai iya rantsewa a kan inda wani yake.

Da safe Sharhabilu ya sami Salamatu a gadon asibiti, bargo biyu a kanta.

"Kin ga wanda ya rufe ki?"

"Ban gani ba. Ina juyowa na ga ƙofa ta rufe. Na tura, na ji mutum ya danne da kafaɗa."

"Ya yi magana?"

"Ko tari bai yi ba. Amma tafukana na kan ƙarfen, ina jin allon. Harbi biyu, sai gurnani. Harbi uku, sai gurnani. Sau uku yana kuskure, a na huɗu ta kulle." Ta ja bargon. "Na yi ta ihu har muryata ta tafi."

Ƙarfe biyu daidai, rana na kan gilashin, Sufeto ya tara su ukun a tsakar gidan. Ya cire hularsa ya shiga ɗakin.

"Kowa zai kulle ni, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ce za ta riƙa buɗewa."

Ƙofar ta rufe. Hayaniyar titi ta ɗauke ɗif, sai ƙugin fanka. Sanyi ya shiga haƙoransa, ya miƙa hannu ya taɓo bango ta kowane gefe. Ya san a minti ɗaya za a buɗe. Ya ɗora tafukansa a ƙarfen, inda ya ga sawun farcen Salamatu.

Hajiya ta fara. Harbi huɗu, ƙofa ta kulle. Lukman ma huɗu, da sauri. Sai aka zo kan na uku. Harbi biyu, gurnani. Harbi ɗaya, gurnani.

Sharhabilu ya tura ƙofar ya fito. Malam Ya'u na tsaye, ya kare gilashin da hularsa yana ƙoƙarin gano lambobin, zufa na ɗiga daga gemunsa.

"Malam, rufe idonka ka ba ni hannu."

Ya kama yatsar dattijon ya danna mata bakin biro da ƙarfi. "Wace yatsa na taɓa?"

Malam Ya'u ya ce bai ji komai ba.

"Tun yaushe ka daina ji?"

"Shekara biyu. Ciwon suga ne." Ya sunkuyar da kai. "Ban gaya wa kowa ba, don kar a ce na tsufa da aiki. Da sassafe nake shiga, lokacin ana ganin lambobin."

Sufeto ya juya wajen Hajiya. "Wanda ya saba da allon nan ba ya kuskure sau uku, ko yana sauri. Sai wanda ba ya jin harbin, shi ne zai danna lamba ɗaya sau biyu bai sani ba. Abin da ban sani ba shi ne dalili."

Dattijon ya zauna a kan wani kwali. Ya ce watan jiya yatsarsa ta kashe sanyin ɗakin a jikin allon bai sani ba, har kwana biyu. Allurai suka lalace, ya yi shiru, aka sayar. Shanun mutane suka fara mutuwa. Jiya da safe Salamatu ta ce masa ta gano, za ta faɗa wa Hajiya.

"Tsorata ta kawai na so yi, yallaɓai. Minti goma, in buɗe in roƙe ta."

"Awa uku ta yi, Malam."

"Na dawo. Wallahi na dawo." Ya ɗaga hannayensa yana kallonsu. "Sau bakwai ina gwadawa, allon ya ƙi buɗe mini. Lukman ya dawo daga kasuwa yana bakin titi, ina hango shi. Kira ɗaya zan yi ya zo ya buɗe."

"Me ya hana ka?"

"Zai tambaye ni wa ya kulle."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Sharhabilu ya mayar da hularsa, ya ce wa dattijon ya tashi su tafi.